Karatun Shiru a Makarantar Gwaggo

Daga Allah muka fito, kuma can kowa zai gangara, da mai furfura da mai shan mama. Gwaggo, yayar babana, wadda ta karantar da ƙananan yaran garinmu tun ban san dama da hagu ba, ta riga mu. Ina so in faɗi ko wace ce ita tun kafin masu yabo su gyara ta, su mai da ita wata tsohuwa mai sanyin hali wadda ba mu taɓa zama da ita ba.

Masu gaisuwa sun fara isowa tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba. Garin namu bai kai a kira shi gari ba, 'yan gidajen zana ne da rumbuna kusa da rijiyar Dakoro, daga mu sai dajin makiyaya. Amma labarin mutuwa ba ya jiran doki. Matan ƙauyen Mai Yara sun zo a ƙasa da ƙoren gero a ka. Fulanin wajen Korahan sun jingine sandunansu a ƙofa suka durƙusa. Wani dattijon Buzu daga Tagiris, wanda 'ya'yansa suka yi karatu a hannunta, ya tsaya can nesa ya ja rawani har ido, kafaɗunsa kawai ke rawa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ya hanƙuri? Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta." Daga nan ya rage murya ya ƙara da, "An ga ɗiyar kuwa?"

Ba a gan ta ba. Yarinyar da suke tambaya autata ce, wadda ko famfara ba ta gama ba. Ta shiga daji ta ɓuya a safiyar da Gwaggo ta cika, bisa umarnin Gwaggo, kuma ba ta fito ba.

Ga yadda abin ya faru. Tsakiyar bazara ce, lokacin da ƙasa ke gasa tafin ƙafa tun da hantsi. Wani makiyayi ya sheƙo daga rijiya yana kururuwa, wai ga raƙuma daga arewa, mahaya zalla, babu kaya. A zamanin nan da muke ciki kowa ya san ma'anar raƙumin da ba ya ɗauke da gishiri. Maza suka zari baka da kwari. Gwaggo tana gindin aduwar da take karatu, sai ta kife allonta a ƙasa. Wannan ita ce alamar da yaranta suka sani, nan da nan suka watse, kowa ya nufi maɓuyarsa. Mahayan suka shayar da raƙumansu, suka tambayi wani mai ban ruwa maza nawa ne a garin, ba su taɓa kowa ba, suka juya inda suka fito. Da hankali ya ɗan kwanta aka je gindin aduwa, aka iske Gwaggo zaune ta jingina, tasbaha a hannu, rai ya yi halinsa. Ba rauni ko ɗaya a jikinta. Dokar makarantarta kuwa ita ce, yaron da ya ɓuya ba ya fitowa sai ya ji muryarta, ita kaɗai.

Matan gari suka zaunar da ni bisa tabarma, domin a ɗakinta na girma, kuma nata 'ya'yan babu wanda ya rayu. "Ke ce ɗiyarta, ke za ki amshi gaisuwa," in ji su. Na zauna, bakina yana amsa amin, kunnena yana daji. Ina kallon ƙafafun masu shigowa, na san kowace ƙafa tana taka sawun autata tana shafe shi. Wata mata daga Mai Yara ta riƙe hannuna ta ce, "Ai kau ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta cika cikin karatu." Saura kaɗan in ƙwala mata ƙwaryar da ta kawo.

Gwaggo gajera ce, baƙa, ba ta da nama, kuma ba ta iya murmushin banza ba. Muryarta a shaƙe take, tana ƙarta kamar ana kankare ƙwarya, ko cikin taron kasuwa ta yi tari ka san ita ce. Karatu kuwa ta yi shi. Ta sauke tun tana budurwa a hannun mahaifinsu, ta san hukuncin tsarki da salla fiye da maza da yawa masu naɗa rawani, kuma rubutunta ya fi na babana kyau, shi ma ya sani, ba ya dai so a faɗa. Don haka kada wani ya ce rashin sani ne ya sa ta tsara makarantarta yadda ta tsara.

Yaron da aka kawo mata ba ya taɓa allo sai damina ta zagayo. Iyaye sukan zo da sabon allo an feƙe shi da kyau, ta karɓa ta rataye a tsaiko ta ce, "Shi jira, icce ba shi gaggawa." Karatun farko a ƙasa ake yin sa. Takan share rairayi da tafin hannu, ta zana baƙi guda da yatsa, yara su kwaikwaya. Fatiha da gajerun surori da baki ake ɗaukar su, ana tafiya ana maimaitawa, domin kullum da safe sai ta kora su gaba har bakin rijiya su duba abin da ya wuce. A can za ta nuna da tsinin sanda ta ce, "Wanga fa?" Yaro ya ce jaki ne. "Da kaya ko ba kaya?" Ya tsuguna ya duba zurfin sawun. Mun koyi bambanta raƙumin ayari, mai nauyi, mai tafiya a jere, da raƙumin mahayi mai faɗin taku. Mun koyi sawun dokin da aka sukwana da wanda aka ja. Takan ce mai kama ɗiyan mutane ba shi da ƙabila, yau ya ɓullo daga arewa bisa raƙumi, gobe daga kudu bisa doki, kuma ƙasa ba ta yi wa kowa ƙarya. Bayan wannan sai abin da daji ke ciyarwa: aduwa a tsotsa, magarya a ci, anza kada a kuskura a kai ta baki ɗanya. Har yau in na ga baƙin farko na karatu, ƙamshin kashin raƙumi nake ji, don a gefensa na fara zana shi.

Sai kuma babban darasi, wanda muke kira karatun shiru. Kowane yaro takan ja hannunsa shi kaɗai, su shiga daji, ta zaɓa masa wuri: gindin sabara mai duhu, kogon itace, tsohon suri da ya rufta, ramin da dabgi ya haƙa ya bari. Daga ita sai yaron suka san wurin. Uwa ba ta sani ba, uba bai sani ba, kuma yaron da ya faɗa ko wa abokinsa an sake masa wuri, an haɗa masa da tsumagiya. A kowace maɓuya akwai 'yar gorar ruwa a binne, ita da kanta take zagayawa tana cikawa. Ta koya mana bin turbar awaki don sawunmu ya ɓace cikin nasu. Ranar da ta ga dama, ana tsakiyar karatu, sai ta kife allo. Ka je ka kwanta, cinnaka na yawo a cinyarka, ƙuda na shiga hancinka, ba tari, ba atishawa, ba fitsari sai a kwance. "Baki shi ka yanka wuya," take cewa. In ta ga ya isa sai ta tsaya bisa tudu ta ɗaga shaƙaƙƙiyar muryar nan: "'Yan allo, ku taho, hura ta damu!" Ba ka taɓa jin daɗin murya mara daɗi kamar wannan ba.

Abin da ya fi ci wa iyaye rai shi ne jarrabawarta. Yara na ɓoye, sai ta tura uwayensu bakin daji su yi ta kira da suna, da lallashi, har da kukan ƙarya. Wanda ya fito ya faɗi, karatu ya koma farko.

Ƙanena ya taɓa faɗuwa. Innarmu ta tsaya tana kiran sa, ta ce ga nono mai ɗumi ta tatso masa, shi kuwa da ma cikinsa ne ubangidansa, sai ga shi ya rarrafo daga cikin geza yana dariya. Gwaggo ta zane shi a gaban kowa. Inna ba ta saba ɗaga wa yayar mijinta murya ba, amma ranar ta ɗaga.

"Haba Yaya! Ɗa shi ji uwatai shi amsa, shi ne laihi? Kina koya ma ɗiyanmu su ƙi mu?"

Gwaggo ta yar da tsumagiyar. Ta dubi Inna ta ce, "Zamna." Ina gefe ina shafa wa ƙanena baya, na ji komai, kuma ban ƙara jin ta maimaita ba har ta mutu.

"Can kudu, garin da munka taso, kahin a haihi mijinki. Dawaki sunka shigo da sahe. Mu ukku ne ɗakin uwata, ni da ƙannena biyu, munka ɓoye. Sunka kama ta, sunka aza mata takobi ga wuya, sunka ce ta kira ɗiyanta. Ta kira. Da sunanmu, ɗaya ɗaya, da murya mai daɗi, yadda take kiranmu cin tuwo. Ƙannena sunka hito. Ni ina ƙarƙashin rumbu ina ji, ina cizon hannuna." Ta ture gyale ta nuna tabon haƙora a damtsenta. "Ba ni ganin laihinta. Takobi ne. Amma tun ran nan na san muryar uwa ita ce igiyar da ake jawo ɗa da ita."

Inna ta ɗauki ɗanta ta tafi. Washegari da kanta ta mayar da shi.

Wanda bai taɓa sallamawa ba shi ne babana. Shi ne limamin gari, shi ke karɓar yara in sun fita hannun Gwaggo, kuma kullum ƙorafinsa ɗaya ne, wai tana aiko masa yara a makare, masu zare ido, waɗanda in ganye ya faɗi sai sun waiga. Wata shekara ya je ya tsaya mata a gindin aduwa.

"Yaya, yaro shi shekara wurinki bai riƙa allo ba? Sa'o'insu a garuruwan kudu sun yi nisa da farfaru. Kin cika ma su ciki da tsoro, ina za su aza karatun? Allah shi ka tsarewa, ba rame ba."

"Shi ka tsarewa, Malam," in ji ta, "shi kuma yab ba dabgi akaihu. Wanda anka ɗaure bayan raƙumi, wace sura za shi biya maka?"

Baba ya kwashe yaran gidanmu ya mayar wurinsa. Damina guda ba su yi magana ba. Amma ba ta fasa aika masa tuwon da yake so ba, ni ce mai kaiwa, kuma kullum saƙon ɗaya ne: "Kai ma limaminku, ki ce ba ni ce nib bayar ba." Shi kuma ya cinye tas ya ce, "Ki ce ma wadda ba ta bayar ba gishiri ya yi kaɗan." Da kaka ta yi aka ji an kwashe yara a wata rijiya gabas da mu, bai ce ta yi gaskiya ba, ya dai bar mu muka koma. Ni kuma yanzu ba zan ce ƙarya ya yi ba. Tsoron da ta zuba mana yana nan. Ni da nake uwar 'ya'ya, in na shiga gidan biki, kafin in gaida amarya na riga na duba ta inda zan fita.

Kada a ɗauka ba ta da tausayi. Duk ranar da aka yi karatun shiru, in an dawo, takan jera mu ta zauna da matsefata, ta ɗora ƙafar kowane yaro bisa cinyarta tana cire ƙaya da ƙarangiya, tana hurawa, tana zagin ƙayar kamar mutum. Furar da take kira da ita ba ƙarya ba ce, daga rumbunta take fitowa, kuma ba ta kai ludayi baki sai ƙaramin cikinmu ya ture ƙwarya. Lokacin da ɗan farina ya rasu, mutane suka cika min kunne da wa'azi. Ita kuwa ta shigo ba ta ce komai ba, ta ɗauki taɓaryata ta daka min geron ranar, ta share ɗaki, ta zauna bayana ta tsefe min kai. Wannan shirun ne kaɗai ya shiga zuciyata.

A duk yaran da suka ratsa hannunta, autata ta fi so, ko da yake da za ka tambaye ta sai ta ce ƙarya kake. Yarinya ce mai riƙe magana. An taɓa samun kunama ta bi ta ƙafarta tana ɓoye, ba ta motsa ba har ta wuce, sai da aka dawo ta faɗa kamar labarin wani. Ni kaina an tura ni na kira ta ba sau ɗaya ba, na yi lallashi, na yi kukan ƙarya, ko ganye bai kaɗa ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wagga ta hi uwatta." Na yi dariya, har da fahariya a bakin rijiya. Ban san abin da nake yi wa fahariya ba.

Sauran yaran sun fito tun a ranar. Wasu yunwa ta koro su, wasu sun hango iyayensu maza suna yawo ba takobi a wuyan kowa, sai suka karaya. Suna fitowa suna kuka, suna roƙon kada a gaya wa Gwaggo. Ba wanda ya iya gaya musu ta rasu. Aka ƙirga kawuna, saura ɗaya.

Da farko maza sun ji tsoron ɗaga murya, don ba a san ko mahayan sun yi nisa ba ko suna bayan tudu suna jira. Da rana ta karkata, baban yara ya ce ko su waye su ji, ya shiga kiran ta da ƙarfi har muryarsa ta dushe. Na bar tabarmar gaisuwa, wata tsohuwa ta ce ba a yin haka, na ce ta zauna ita ta amsa. Na bi gindin kowace sabara ina kira. Aka samo wata maƙwabciya mai kaushin murya, aka ɗora ta bisa tudu ta kwaikwayi Gwaggo. Ta yi iya yinta, baiwar Allah, ta shaƙe wuya ta ce fura ta damu. A wata rana da mun yi dariya har mu faɗi. Daji ya yi tsit, ita kuma ta sauko tana kuka.

Gari ya waye, ba labari. Aka ga sawun kura a bayan rumbuna, sabo. Na san girman gorar da Gwaggo ke binnewa, ruwan cikinta bai fi a jiƙa maƙoshi ba, kuma na san zafin da ke tafe. Da rana ta take aka hango ungulaye suna kewayawa arewa da gari. Maza suka ce in tsaya, na riga su isa. Mushen akuya ne. Na durƙusa na gode wa Allah, na kuma ji kunyar mai akuyar da ke tsaye a gefena. Babana, da tsufansa, yana bin bayanmu da sanda yana addu'a a hankali. Na ji ya ce wa ƙanena, "Ni da ita mun yi ta gardama, ga shi ta tahi ba wanda yac ci."

Wani makiyayi ya zo da labarin an ga mahayan nan sun yada zango wajen Tagiris, kuma sun ƙaru. Mai gari ya ce gobe mata da yara za su gangara kudu da dabbobi, ba za a jira kowa ba. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Ƙanena ne ya ja ni gefe, shi da ya taɓa shan tsumagiya. Yanzu magidanci ne, gemu har ƙirji.

"Yaya, ku bar kiran nan. Kuna kira tana ƙara lahewa. Duk abin da muke yi, a wurinta jarrabawa ce."

"To mi za ni yi? In zamna kura ta kawo mani ita?"

"Sawunta ya ɓace. Na Gwaggo bai ɓace ba. Ba ta kwana biyu ba ta zagaya da ruwa ba, kuma ta gabas take hita, inda 'yan gaisuwa ba su bi ba."

Muka tafi mu biyu. Iska ba ta tashi ba a kwanakin, ƙasa ta riƙe rubutunta. Bayan gidan Gwaggo, gefen tsohuwar gona, ga shi nan: ƙafar dama cikakkiya, ta hagu tana ja, ga ɗigon tsinin sanda a gefe. Matar da aka binne tana tafiya a gabanmu, muna bin ta. Inda ta tsaya ta huta mun gani. Inda ta tsuguna ta tona gora mun gani. Ta kai mu gindin wata geza, ba kowa, sai gora a yashe. Ta kai mu kogon wata kirya, ba kowa. Ta kai mu wani tsohon suri. Kowace maɓuya muka iske wayam, ga wuraren suna ƙarewa, rana kuma tana gangarawa. Daga nan sawun ya juya, abin da ban zata ba, ya komo wajen gari, ya hau ɗan tudun da ke bayan rijiya.

A can, ƙarƙashin wata sabara, akwai ramin dabgi, an jawo busasshen reshen ƙalgo an rufe bakinsa daga ciki. Na juya na duba. Daga wurin ana ganin gidanmu, ana ganin aduwar karatu, ana ganin tudun da maƙwabciyarmu ta tsaya. Na wuce ta gefen sabarar nan da kaina ina kira. Duk tana ji.

Na janye reshen. Idanu biyu suna kallona daga cikin duhu. Leɓenta ya tsage, ƙasa ta manne a fuskarta, ta rungume gorar da ba komai a ciki. Tana da rai. Na miƙa hannu, sai ta ƙara matsawa ciki.

"Auta, ni ce. Innarki ce. Hito, ba kowa. Dubi wuyana, ba takobi."

Ba ta motsa ba. Ƙanena ya tsuguna ya nuna mata salkar ruwa, ta kalli ruwan, maƙoshinta ya motsa, ta kawar da kai. Ban ga wata hanya ba sai gaskiya.

"Auta, Gwaggo ba ta kira. Gwaggo ta rasu. An kai ta, an ruhe. Ba ta ƙara kiran kowa."

Ta kalle ni, kallon da ba na yaro ba. Sa'annan ta buɗe baki, muryar da ƙyar take fita.

"Haka tac ce za ku ce."

Ƙanena ya zauna daɓas a ƙasa. A zamaninmu Gwaggo ba ta kai nan ba. Ashe da ta ga tsufa ya kama ta, ta lissafa cewa mai takobi zai iya sa a ce ta mutu, ta toshe wannan ƙofar ma. Komai ta hango, sai mutuwar tata ta gaske.

Da ƙarfi muka jawo yarinyar, tana turjewa, tana cizon hannun kawunta, amma ko a haka ba ta yi kuka da sauti ba. Aka ɗura mata ruwa, aka kai ta gida, gari ya yi ta hamdala. Washegari muka gangara kudu da ita a bayana kamar jaririya.

Yanzu mun dawo, an yi sadakar Gwaggo, an watse. Autata tana ci, tana sha, in an aike ta tana zuwa. Amma tun kalmomin nan na bakin rami ba ta ƙara cewa komai ba. Babana ya rubuta ya wanke ta sha. Na kai ta ta ga kabarin, ta dube shi, ta dube ni, na gane a idonta cewa ta ɗauka wannan ma cikin jarrabawar ne. A wurinta ba ita ta fito ba, fito da ita aka yi, don haka karatun bai tashi ba. In na kira sunanta sai ta sunkuyar da kai ta daure, yadda aka koya mata.

Gwaggo, Allah ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya ƙasar da ke kanki, ya haɗa ki da ƙannenki da uwar da ta kira su. Na yafe miki tsumagiya, na yafe miki tsoron da kika bar min. Na san karatu, ke kika koya min, na san wanda ya tafi ba ya waiwaye. Amma ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba, kuma ina roƙon ki abu guda. In Allah yana ba matattu izinin magana, ko a mafarki ne, ki zo ki kira min yarinyar nan. Ni ta daina amsa min.